Ɗari Bisa Ɗari a Dutsin Jima

Shekara goma sha ɗaya Mushe Halidu, kamar yadda ake kiran malamin boko a can, ya yi yana riƙe da lakwal, wato makarantar firamare, ta Kwarin Tabawa, wani gari na manoman gero da dawa da ke kusa da Karofane. Yara ɗari biyu da goma sha huɗu ne a hannunsa, malamai uku da shi na huɗu. Kilas biyu ne kawai na siminti, sauran rumfunan kara ne da ake sake kafawa duk bayan girbi. Dogon mutum ne marar jiki, furfura ta fara cin gefen kansa. Yana da wata ɗabi'a da sauran diraktocin makarantu suke yi masa dariya a kanta: duk yaron da ya kai ajin ƙarshe sai ya rubuta sunansa a jarrabawar sartifika ta kammala firamare, ko da kuwa yaron bai iya raba goma gida biyu ba. A shekarar da wannan abin ya faru, yara talatin da takwas ya kai, goma sha huɗu suka ci.

A shekarar ce kuma aka kawo musu sabon ansifekta, wato jami'in da ke duba duk makarantun yankin. Sunansa Mahfuzu. Gajere ne mai tsabta, mai saurin magana, ba mugu ba ne, amma Allah ya ɗora masa son jeri. Kafin zuwansa kowane dirakta ya san sakamakon lakwal ɗinsa, ya ja bakinsa ya yi shiru. Shi kuwa da ya zo sai ya zuba makarantu ashirin da bakwai ɗin nan cikin ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, na'urar ta jera su daga ta farko har ta ƙarshe, ya buga a babbar takarda ya manna a ƙofar buro, wato ofishinsa.

Ranar taron buɗe makarantu, cikin watan Oktoba, ya tara diraktocin duka a wani kilas, suka matsu a kan bencinan yara, gwiwoyinsu na dukan tebur. Daga ƙasa ya fara karantowa.

"Ta ashirin da bakwai, Kwarin Tabawa. Talatin da bakwai cikin ɗari. Mushe Halidu, tashi tsaye a gan ka."

Halidu ya miƙe. Kowa ya san shi, wasu ma shi ya koya musu aikin, amma duk da haka suka waiwayo suka dube shi kamar yau aka kawo shi. Bai zauna ba sai da aka ce ya zauna.

Ansifekta ya yi ta haurawa har ya kai saman takarda, muryarsa ta canza.

"Ta hwarko, Dutsin Jima. Ɗari bisa ɗari! Mushe Yasin, ina kake?"

Can ƙarshen kilas wani saurayi ya tashi a hankali, yana riƙe da hularsa da hannu biyu. Bai fi shekara ashirin da shida ba. Aka yi masa tafi, shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

Madam Suwaiba, wadda ke riƙe da wata lakwal ta wajen Bangi kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta ɗaga hannu.

"Ranka shi daɗe, yara nawa sunka zauna jarrabawa a can?"

"Madam," in ji ansifekta, "ɗari bisa ɗari ba shi da yawa, ba shi da kaɗan. Ɗari bisa ɗari na."

Daga nan ya faɗi abin da ya yanke. A watan Disamba Mushe Yasin zai tsaya gaban diraktoci duka ya bayyana musu dabararsa, wadda ansifekta yake kira metod. Kafin lokacin kuma, Mushe Halidu zai tafi Dutsin Jima ya yi sitaj na sati guda, ya zauna ya ga yadda ake koyarwa.

Sunan garin ba baƙo ba ne a wurin Halidu. Akwai wata yarinya, Mardiya Alhusaini, ƴar Dutsin Jima, da aka kawo wurin gwaggonta a Kwarin Tabawa tun tana aji biyu. Shekara biyar ta yi a lakwal ɗinsa, shekarar ƙarshe ma shi da kansa ya koyar da ita, kuma bai taɓa samun yarinya mai kaifin kai kamarta ba. Sau uku yana aika takardar mayar da sunanta lakwal ɗinsa, ba ta taɓa dawowa da sa hannu ba. Saboda haka da jarrabawa ta zo, sunanta ya fito ƙarƙashin garinsu. Ta ci, ta wuce kwaleji. Halidu ya ce a ransa, to, ashe Mardiya cikin gwanaye ta faɗa.

Da ya gaya wa matarsa Aziza, ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube shi.

"Mushe, da hurhurarka za a maishe ka lakwal?"

"Haka anka ce."

"To sai in ɗinka maka jakar kaye irin ta ƴan makaranta."

Ran wata Litinin ta watan Nuwamba ya ɗaura tabarma da ƙullin gari a bayan moto, wato babur ɗinsa, ya kama hanya da sassafe. Ya bi hanyar Allakaye, sannan ya saki hanya ya fara hawan dutse. Sau biyu yana sauka yana tura moto. Da hantsi ya isa. Garin gida talatin ne ko ƙasa da haka, rabinsu an toshe ƙofofinsu da ƙaya, domin da an gama girbi mutanen sukan gangara garaken albasa na wajen Madawa da iyalansu, sai damina su dawo. A bakin gari ga lakwal: ɗaki guda na siminti mai shuɗiyar ƙofa, fes da shi. Ya kashe moto ya saurara, don ya saba jin lakwal kafin ya gan ta. Bai ji komai ba sai kukan wata tunkiya.

Yasin ya fito da gudu ya karɓi jakarsa, yana ta sannu da zuwa, sannu da hanya. Cikin kilas yara huɗu ne zaune a benci ɗaya. Suka miƙe suka gaishe shi da Faransanci, suka koma suka zauna.

"Sauran sun tahi shan ruwa?" in ji Halidu.

"Su ke nan, Mushe. Tara na a rubuce. Huɗu ka zuwa."

Halidu ya karɓi littafin sunaye ya buɗe shafin bara. A ajin ƙarshe suna ɗaya ne tak. Ya karanta shi, ya sake karantawa, ya juya shafin ko akwai ci gaba a baya. Babu.

"Mardiya Alhusaini," ya ce. "Ita da wa?"

"Ita kaɗai ta."

Halidu ya nemi benci ya zauna.  Yasin na tsaye a kansa yana murza hannu, sannan ya matso ya rage murya don kada yaran su ji.

"Mushe, don Allah, tunda kai ka san ta. Doguwa ta ko gajera? Ni ban taɓa ganin ta ba. Ansifekta ya ce in zo da hotonta ran taro."

Dariya ce ta fara zuwa wa Halidu, amma da ya ga idon saurayin sai ta koma. Yasin ɗan garin Keita ne, malamin kwantiragi, shekara biyu da suka wuce aka ba shi takarda aka ce ga lakwal ɗinka can bisa dutse. Ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake koyarwa, ba wanda ya taɓa hawowa ya ga abin da yake yi. Tun ranar da aka yi masa tafi abinci ba ya shiga cikinsa sosai.

"Ba ni da metod, Mushe," ya ce. "Wallahi ba ni da ko guda. Mi za ni hwaɗa musu?"

"Ni anka aiko in koyo wurinka," in ji Halidu. "Je ka yi aikinka in gani."

Ya koma bencin baya ya buɗe kayensa, wato littafin rubutunsa, kamar yadda aka umarce shi. Yasin ya rubuta layi uku a allo, ya karanta, yaran suka maimaita da ƙarfi. Ya sake karantawa, suka sake maimaitawa. Sun iya layukan kamar ruwa. Sai Halidu ya tashi ya rufe rabin allon da jikinsa, ya nuna kalma ɗaya da yatsa ya ce wa babbar cikinsu, wata yarinya mai suna Fa'iza, ta karanta. Ta dubi kalmar, ta dubi Yasin, ta fara layin tun daga farko.

Ranar Litinin ɗin Halidu ya daure. Ranar Talata kafin ƙarfe tara alli yana hannunsa, shi kansa bai san lokacin da ya karɓa ba. Ya aiki yaran suka tsinto marafan kwalba da tsakuwa. Ya rubuta gaɓoɓin kalma a cikin marafan, ya zube su a ƙasa, ya ce kowa ya haɗa sunansa. Ya fitar da su waje suka yi rubutu a kan rairayi da tsinke. Ya haɗa Fa'iza da wani yaro mai suna Yaƙubu, wanda su biyu ne manya, ya ce duk wanda ya gane abu ya koya wa ɗan'uwansa kafin ya zo wurin malam. Yasin kuwa ya zame ya zauna a benci kusa da ƙananan, yana rubuta duk abin da ya gani. Da aka yi tambaya ɗaya ma har ya ɗaga hannu.

Kullum bayan la'asar sai su zauna a inuwar kilas, Yasin ya kawo shayi, ya fara roƙon Halidu ya ba shi metod ɗin da zai faɗa ran taro. Ran Laraba Halidu ya gaji ya ce ya kawo takarda. Ya riƙa faɗa, Yasin na rubutawa: shifta layi biyar kowace safiya kafin komai; kada a wuce darasi sai na bencin baya ya iya; mai ƙoƙari ya zauna kusa da mai rauni; yaron da bai zo ba, a je a ga uwarsa a ranar, kada a bari sai gobe. Da ya faɗi wannan ta ƙarshe sai ya tuna ya kai shekara huɗu rabon da ya taka gidan wani yaro. Yawan yara da yawan takardu sun sa ya bari, bai ma lura ya bari ba.

Ran Juma'a Yasin ya fito da wata takarda da ansifekta ya ba shi, wadda zai cika a kan mai sitaj. Tambaya ta farko ita ce ko mai sitaj ya fahimci metod. Yasin ya rubuta cewa ya fahimta ƙwarai da gaske.

"Goge," in ji Halidu. "Ba a yarda. Sati guda na kawai. Rubuta shina ƙoƙari."

Yasin ya rubuta yana ƙoƙari, ya sa hannu, ya buga hatimi.

Taron Disamba ya cika, har da masu ba da shawara kan koyarwa. Yasin ya tsaya gaban allo da takardu shida. Hoton Mardiya, wanda Halidu ya karɓo wurin gwaggonta, yana manne a allo. Da ya fara karatu muryarsa ba ta fita, amma da ya kai wurin marafan kwalba, abin da ya gani da idonsa, sai ya saki takarda ya yi bayani da bakinsa. Diraktoci suka yi tsit suna rubutu. Ansifekta na gyaɗa kai, yana zagaya benci yana leƙa kayen mutane. Da ya iso kan Halidu ya tsaya.

"Mushe Halidu, ban ga kana rubutu ba. Kai ka hi kowa bukata."

Halidu ya ciro bik daga aljihu ya rubuta: shifta layi biyar kowace safiya.

Da aka zo tambayoyi, Madam Suwaiba ta miƙe.

"Mushe Yasin, mun ji, kuma abin ya yi kyau. To in yara sittin ag gabanka, marahwan kwalba nawa za ka tara, kuma ƙaƙa za ka hana su jihwar juna da su?"

Yasin ya dubi takardunsa. Bai taɓa ganin yara sittin a ɗaki ɗaya ba. Ya dubi Halidu irin kallon da mai nutsewa ke yi wa na bakin gulbi. Halidu ya ɗaga hannu.

"Ranka shi daɗe, in na gane abin da Mushe Yasin yak koya mani da kyau, ana raba su gungu shida, kowane gungu da babba guda mai riƙon gwangwanin marahwai. Shi aka tambaya in guda ya ɓace."

Ya yi bayani na kusan minti goma. Da ya zauna, ansifekta ya buɗe hannuwa ya juya ga jama'a.

"Kun gani? Sati guda! Mutumin da yaz zo na ƙarshe. Wala, shi ke nan!"

Aka sake yi wa Yasin tafi.

Bayan an watse, Yasin ne ya kama hannun rigar Halidu ya ce shi ba zai iya ci gaba da ɗaukar wannan abu ba, su je su faɗi gaskiya. Suka sami ansifekta a buro. Yasin ya faɗi komai, tun daga yara huɗu har zuwa wanda ya rubuta metod. Ansifekta Mahfuzu bai yi faɗa ba. Ya saurara har ƙarshe, ya jawo ordinatar ya ce bari a gani.

Ya cire Mardiya daga Dutsin Jima. Nan take gurbin ɗari bisa ɗari ya cika da wasu alamomi, sauran jerin duk ya rikice, lambobi suka ɓace tun daga sama har ƙasa.

"Kun gani? Babu cikin babu. Na'ura ba ta yarda da shi."

Ya ƙara ta a Kwarin Tabawa. Goma sha biyar cikin talatin da tara. Talatin da bakwai ta koma talatin da takwas da ɗoriya. Ta ashirin da shida tana da arba'in da ɗaya.

"To, Mushe Halidu, mi kas samu? Kana nan na ƙarshe inda kake. Ni kuwa na rasa ta hwarko. Jerin ga ya riga ya tahi Tawa wurin manya, har an kira ni an yi mani barka. In ce musu mi? In ce lakwal ɗin da tah hi kowace babu kowa cikinta?"

Ya mayar da Mardiya inda take, jerin ya dawo daidai, ya yi ajiyar zuciya.

"Zancen metod kuwa, Mushe Yasin, tawali'u abu na mai kyau, amma kada shi yi yawa. Na ji ka da kunnena yau."

Sannan ya gaya musu abin da bai faɗa a taro ba. Tun makon jiya ya aika da shawara sama: a kai Yasin Kwarin Tabawa ya ceto ta, a kai Halidu Dutsin Jima ya zauna inda metod ta samo asali har ta shige shi.

"Ranka shi daɗe, yara huɗu na," in ji Halidu.

"Sai ka samu lokacin kula da kowane."

Wannan takardar kwana tara ta yi ta dawo da sa hannu.

Da aka koma hutu a watan Janairu, Yasin ya isa Kwarin Tabawa ya tarar da yara ɗari biyu da goma sha huɗu a jere a fili suna jiran sabon dirakta. Ajin ƙarshe kaɗai mutum arba'in ne. Ranar farko wani ya saki ƙadangare a kilas. Ranar ta biyu muryarsa ta dushe, ya koma magana da hannu. A can bisa dutse kuwa, Halidu yakan gama duk abin da ya shirya kafin ƙarfe goma, ya sake maimaitawa, ya share kilas, ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, sannan ya zauna yana kallon tumaki yana tunanin wa ke kula da ƴan bencin bayansa. Aziza ko tsinke ba ta ɗauka daga gidansu ba. Ta ce ita ba ta hawa dutse saboda na'ura.

Ran Laraba da rana kowannensu ya hau moto don ya je ya ga ɗayan. A tsakiyar hanya suka haɗu, wajen wata busasshiyar ƙorama. Suka kashe injin suka zauna a gindin wata bagaruwa. Yasin ya yi ƙoƙarin magana, sai iska ke fita. Ya ciro kaye ya rubuta: Mushe, ka cece ni.

A nan suka shirya abin da suka shirya. Kowa ya koma lakwal ɗinsa ta da. A takarda Yasin ne diraktan Kwarin Tabawa, Halidu na Dutsin Jima. Duk ranar kasuwar Karofane za su haɗu, kowa ya sa hannu a takardun lakwal ɗin da ba ya cikinta. Halidu ya je ya gaya wa maigarin Kwarin Tabawa gaskiyar magana, don ba ya son ya ji a bakin wani. Tsohon ya saurara, ya ce shi dai abin da ya sani, wanda yara suka gani da safe shi ne mushe.

Ba wanda ya zo dubawa. Motar buro tana kan duwatsu huɗu tana jiran tayoyi tun kafin azumi. Ansifekta yakan kira ta waya. In ya tambayi Yasin labarin Kwarin Tabawa, sai ya ce lafiya lau, ana kan metod. In ya kira Halidu ya tambaye shi ya iskar bisa dutse, sai Halidu ya fita bayan rumfa, ya toshe wayar da tafin hannu saboda hayaniyar yara, ya ce iska da sanyi.

Amma su biyun ba su koma yadda suke a da ba. Halidu ya manna takardun nan shida a bangon kilas ɗinsa, da sunan Yasin a samansu, ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya kamar wani ne ya ba shi. Ya koma zuwa gidajen yara. Wata uwa da ta gan shi a ƙofarta da rana tsaka ta ɗauka rasuwa aka yi. Shi kuma Yasin, da iyayen Fa'iza da na Yaƙubu suka aiko a kai musu su garaken albasa, sai ya hau moto ya gangara har can, ya tsaya cikin laka yana roƙo, har suka yarda a bar yaran wurin kakar Fa'iza, tsohuwa Balki, su zauna jarrabawa.

Oktoba ta zagayo, aka sake matsuwa a kan bencinan yara. A wannan shekarar makarantu takwas ne suka sami ɗari bisa ɗari, domin diraktoci sun fahimci metod ta wata fuskar: babu wadda ta kai yara fiye da uku jarrabawa a cikinsu. Ansifekta ya rasa yadda zai jera su, sai ya bi haruffan sunayensu. Madam Suwaiba, da ta kai yaranta talatin da biyu duka, ta zo ta ashirin da huɗu, ta ce a rubuta a takardar taro cewa ta yi dariya.

"Ta goma sha tara, Kwarin Tabawa. Yara arba'in, ashirin da ɗaya sun ci. Daga ta ashirin da bakwai! Mushe Yasin, taso nan gaba."

Aka ba Yasin takardar yabo mai zanen zinariya a gefe. Kafin wannan kuwa an riga an karanta ta ashirin da ɗaya, Dutsin Jima, yara biyu, ɗaya ya ci, hamsin cikin ɗari, kuma an ce Halidu ya tashi tsaye.

"Lakwal ɗin da tah hi kowace anka ba ka," in ji ansifekta, da baƙin ciki na gaskiya a muryarsa. "Cikin wata shida ka raba ta biyu. Ni ban san abin da za ni yi da kai ba, Mushe Halidu."

Halidu na tsaye, hannuwansa a baya. Ya yi zaton zai ji zafi kamar bara, sai ya tarar yana lissafa sunayen ashirin da ɗayan nan a zuci. Akwai uku a ciki da shi kansa bai sa musu rai ba.

"Za ni ƙara ƙoƙari, ranka shi daɗe," ya ce.

Da aka fito, Yasin ya ja shi bayan ginin inda ba kowa. Takardar yabon tana naɗe a hannunsa, ya matse ta har ta lanƙwashe. Idonsa ya kawo ruwa.

"Mushe, Fa'iza ta ci. Ni nik koya mata. Da hannuna. Yarinyar da ba ta iya karanta kalma guda ba." Ya share fuska da hannun riga. "Kuma ba ni da wanda za ni gaya ma sai kai. Uwata ma ta kira ni tana yi mani barka da ashirin da ɗaya."

"To barka da guda," in ji Halidu, ya kama hannunsa ya riƙe. "Barka, Mushe Yasin."

Labari ya riga su isa Kwarin Tabawa. Maigari ya sa an yanka rago, ya aika a gaya wa Yasin lalle ya zo ran Asabar, tunda sunansa ne a takarda. Aka shimfiɗa tabarmi a filin lakwal bayan azahar, iyaye suka taru, Aziza da matan gari suka yi tuwon gero da miyar kuɓewa. Maigari ya miƙe da sandarsa ya ce garin nan na godiya ga mutum biyu, wanda ya yi aikin da wanda aka ce ya yi, Allah ya saka wa kowa da alheri. Aka shafa. Wasu daga cikin ƙananan yara suka riƙa leƙen Yasin suna tambayar juna ko shi ne mushen nan marar murya.

Yasin bai ci da yawa ba. Da la'asar ta yi ya roƙi a naɗe masa cinya guda a takarda, ya ɗaure ta a bayan moto, ya ce zai kai wa tsohuwa Balki, kuma yana so ya hau dutsen da sauran rana.